Giovanni Belzoni: Ƙaton da Ya Kwashi Kayan Fir'auna

Duk wanda ya shiga babban gidan adana kayan tarihi na birnin Landan, watau British Museum, ya nufi zauren da aka keɓe wa kayan ƙasar Masar, abin da zai fara cika masa ido shi ne wani ƙaton gunki na dutse, kai da ƙirji, wanda nauyinsa ya haura tan 7. Surar Ramsis na Biyu ce, ɗaya daga cikin Fir'aunonin Masar, wanda ya yi mulki fiye da shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ita kalmar Fir'auna dai laƙabin sarauta ce, kamar yadda ake cewa Mai a Barno, kuma sarakuna masu yawa sun riƙe ta. Mutumin da ya jawo wannan dutse daga inda ya kwanta shekaru aru-aru, ya ɗora shi a jirgin ruwa, ɗan wani mai aski ne daga ƙasar Italiya, wanda ya yi kusan shekara goma yana cin abinci da wasan nuna ƙarfi a gaban 'yan kallo. Sunansa Giovanni Battista Belzoni.

An haife shi a garin Padua ranar 5 ga watan Nuwamba na shekarar 1778, a cikin gida mai 'ya'ya da yawa da ƙarancin abin hannu. Yana ɗan shekara 16 ya tafi birnin Rum, inda ya taɓa koyon aikin na'urorin ɗaga ruwa, har ma ya yi niyyar shiga aikin coci. Sa'ad da sojojin Faransa suka mamaye Rum a 1798 sai ya bar garin, ya yi ta gararamba har ƙasar Holan, daga nan ya ƙetara Ingila a 1803. Allah ya ba shi jiki: tsawonsa ƙafa 6 da inci 7, ga faɗin ƙirji. Da wannan jiki ya sami aiki a gidan wasa na Sadler's Wells, inda akan ɗaura masa wani ƙarfe a ƙugu, mutum goma ko fiye su hau, shi kuwa ya ɗauke su ya zaga dandali. A Ingila ya auri wata Baturiya mai suna Sarah, wadda ta bi shi kusan ko'ina ya sa ƙafa. Abin lura shi ne, da ya yi suna daga baya, bai so a tuna masa waɗannan shekaru na wasa ba, kuma a littafin da ya rubuta bai ambace su ba ko kaɗan.

A 1815, yana tsibirin Malta, ya gamu da wani wakilin Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, wanda aka aiko neman ma'aikata masu sanin na'ura. Belzoni ya ce zai iya ƙera abin ɗebo ruwan ban-ruwa wanda sa guda zai juya, ya yi aikin shanu huɗu. Ya isa Masar a watan Yuni tare da matarsa da wani yaronsa ɗan ƙasar Ailan, ya ƙera na'urar, aka gwada ta a lambun Basha da ke Shubra. A wurin gwajin yaron nasa ya karye a ƙafa, fadawa kuma da ma ba sa so, sai Basha ya yi watsi da maganar. Belzoni ya wayi gari a Alƙahira ba aiki, ba kuɗin komawa.

Ya kamata masu karatu su san irin kasuwar da ya tarar a ƙasar. Tun da Napoleon ya kai yaƙi Masar a 1798 tare da ayarin masana, suka auna gine-ginen dā suka zana su, sai sha'awar kayan Fir'auna ta kama masu mulki da attajiran Turai kamar zazzaɓi. Sarki yana so a ce gidan tarihin babban birninsa ya fi na maƙwabcinsa, attajiri yana so baƙinsa su ga gunki a zaurensa ko busasshiyar gawa a ɗakin karatunsa. A lokacin babu mahalukin da ya iya karanta rubutun da ke jikin kayan, saboda haka girma da kyau da wuyar samu su ne ke yanke farashi. Shi kuwa Muhammadu Ali, hankalinsa yana kan soja da masana'antu da magudanan ruwa. Tsofaffin duwatsu a wurinsa abin kyauta ne ga jakadun da yake neman shiri da ƙasashensu, waɗansu ma rushe su aka yi a zamaninsa aka gina masana'antu da su. Manyan dillalan wannan kasuwa su biyu ne: Henry Salt, jakadan Ingila wanda ya iso a 1816, da Bernardino Drovetti, tsohon hafsa a rundunar Napoleon, wanda ya daɗe yana yi wa Faransa aikin jakadanci. Kowannensu yana da yaransa a bakin Kogin Nilu, kowanne yana da takardun izinin haƙa daga Basha, kowanne kuma yana tara kaya ne da niyyar sayarwa.

Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt, wanda Larabawa suka sani da Shaihu Ibrahim, shi ya haɗa Belzoni da Salt. Aikin farko shi ne ɗauko wancan kai na Ramsis daga kangon wani ɗakin bauta a yammacin kogi, daura da garin Luksor. An ce Faransawa sun gwada sun kasa, har ana danganta hujin da ke ƙirjin gunkin da su. Belzoni ba shi da komai sai 'yan sanduna, da gungume huɗu na mirginawa, da igiyoyin da aka tufka da zaren dabino. Hakimin yankin ya yi ta yi masa hanya-hanya wajen ba da lebura, ga shi kuma ambaliyar Nilu tana tafe, wadda in ta riga shi, filin da zai ratsa zai zama tafki har wata shekara. Ranar 27 ga Yuli 1816 aka ɗaga dutsen aka ɗora a kan katako, mutane suka shiga ja, ana ɗauke gungumen baya ana maido shi gaba. Da ginshiƙai biyu na ginin suka tare hanya, fasa gindinsu ya yi ya wuce. Zafin rana ya kwantar da shi kwana biyu, ya tashi ya ci gaba. Ranar 12 ga Agusta gunkin ya iso bakin ruwa, kafin ƙarshen shekara ya isa Alƙahira, a 1818 kuma ya shiga Landan.

Daga nan Belzoni ya gane inda baiwarsa take. Yana da idon da ke karanta ƙasa: ya dubi yadda tsakuwa ta taru, ko inda ruwan sama yake nutsewa a gindin dutse, ya ce a haƙa nan, a kuwa sami ƙofa. Ya zauna da mutanen ƙauyen Gurna, waɗanda suke kwana a bakin tsofaffin kaburbura, suna rayuwa da sayar wa Turawa abin da suka tono, suna hura wuta da katakon akwatunan gawa. Su suka riƙa shiga da shi ramukan da aka jibge gawawwaki, waɗanda mutanen dā suka shafe da magani suka naɗe da ƙyalle. Abin da yake nema a jikinsu shi ne naɗaɗɗun takardun da akan binne mamaci da su, domin suna da tsada a Turai kuma ba su da nauyin ɗauka. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya taɓa zama a kan wata gawa don ya huta, ta ruguje a ƙarƙashinsa, ya nutse cikin ƙasusuwa da tsumma da ƙura. Ya ba da labarin ne don ya burge masu karatunsa, ba tare da wata alamar cewa ya ga aibu a ciki ba. Wani kabarin kuma da ya tarar an toshe ƙofarsa da bango, kututturen dabino ya sa aka rataya aka riƙa dukan bangon har ya faɗi. Mai binciken tarihi na yau zai yi makonni yana aunawa da zanawa kafin ya taɓa irin wannan bango.

Shekarar 1817 ita ce shekararsa. Can kudu a ƙasar Nuba akwai babban ɗakin bauta na Abu Simbel, wanda aka sassaƙa a jikin dutse, rairayi ya binne shi har wuyan gumakan da ke gadinsa. Burckhardt ya gan shi a 1813 amma bai sami shiga ba. Belzoni ya gwada a 1816 kuɗi suka ƙare masa, ya komo da Turawa uku a shekara mai bi. Da azumi ya kama leburori suka watse, sai su da kansu suka tuɓe riguna suka riƙa kwasar rairayi da asuba da kuma yamma. Ranar 1 ga Agusta suka kutsa ciki. Sun tarar da zaure mai manyan gumaka takwas da zanen yaƙe-yaƙen Ramsis a bango, ga zafi har gumi yana jiƙa takardar mai zane. Ta fuskar ciniki kuwa tafiyar ba ta biya ba, don abin da za a iya ɗauka bai taka kara ya karya ba.

Wata biyu da rabi bayan haka ya sami abin da ya fi kome a rayuwarsa. A kwarin da aka binne sarakuna, yamma da Luksor, ranar 16 ga Oktoba ya sa mutanensa haƙa a wani wuri da su kansu suka ce ɓata lokaci ne. Ƙofar da ta bayyana ta kai su cikin kabarin Seti na Ɗaya, mahaifin Ramsis, rami mai tsawon fiye da ƙafa 300 cikin dutse, ɗaki bayan ɗaki, bango da rufi duk zane, launinsa kamar jiya mai fenti ya ajiye aiki. Belzoni bai san ko kabarin wane ne ba, tun da babu mai karanta sunan. A ɗaki na can ciki ya tarar da akwatin gawa na wani farin dutse, tsawonsa ya haura ƙafa 9, an sassaƙa shi ciki da waje da ɗaruruwan ƙananan surori, kuma don rashin kaurinsa in an sa fitila a ciki sai haske ya ratso. Babu gawa a ciki, ɓarayin dā sun riga shi da shekaru dubbai. Labari ya bazu cewa Bature ya tono zinariya, har wani hakimin Turkawa ya yi sukuwa daga garin Kena da dakarunsa don karɓar rabon hukuma. Da aka zaga da shi ya ga zane ne kawai, sai ya juya ya koma.

Belzoni ya ƙaunaci wannan kabari, amma ƙaunar ta yi masa illa. Ya yi fiye da shekara shi da wani likita mai zane, Alessandro Ricci, suna kwafar bangon, suna manna kakin zuma a kan sassaƙar don su ɗauki siffarta, kakin kuwa yakan taso da fenti. Akwai kuma wata rijiya mai zurfi da magina suka haƙa a tsakiyar hanya, wadda take tare ruwa. Ya cike ta don a sami hanyar fitar da akwatin, da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ambaliya ta shiga ta ɓata waɗansu ɗakunan. Waɗanda suka biyo bayansa ma ba su kyauta ba. Champollion, babban masanin nan na Faransa, da abokin tafiyarsa sun yanke ɓangarori biyu na bangon a 1829, ɗaya yana Faris yanzu, ɗaya yana Florence.

A farkon 1818 ya juya kan dala ta biyu a Giza, ta Fir'auna Kafra, wadda tun zamanin Herodotus, marubucin Girka, ake cewa dunƙulalliya ce ba ɗaki a cikinta. Ya kwatanta fuskarta ta arewa da ta babbar dalar da ke kusa, ya lissafta inda ƙofa za ta kasance, ya ranci kuɗi ya sa leburori, ranar 2 ga Maris ya shiga. Ya tarar da akwatin dutse da ƙasusuwan da aka gane daga baya na sa ne, da kuma rubutun Larabci a bango wanda ya nuna cewa waɗansu sun shiga ɗaruruwan shekaru kafin shi. Duk da haka ya rubuta sunansa da kwanan wata da manyan baƙaƙe a bangon ɗakin, suna nan har yau.

Wannan ɗabi'a ta rubuta suna a jikin gini da gunki tana da dalili. Belzoni ya ɗauka cewa shi ma'aikacin al'ummar Ingila ne, kayan da yake tonowa kuma gidan tarihinsu za su tafi da sunansa. Salt kuwa yana ganinsa ɗan ƙwadago ne da ya ɗauka da kuɗin aljihunsa, don haka kaya nasa ne. Da rigima ta yi tsanani sai suka rubuta yarjejeniya a 1818: Salt zai ba shi fam 500, in kuma an sayar da farin akwatin nan, duk abin da ya haura fam 2,000 za su raba biyu. Belzoni ya sa hannu yana ganin ya yi ciniki, domin ya tabbata akwatin zai yi ninkin wannan kuɗi.

Aikinsa na ƙarshe mai girma shi ne ɗauko wani dogon ginshiƙin dutse mai tsini daga tsibirin Philae, domin wani attajirin Ingila, William Bankes, wanda yake so ya kafa shi a harabar gidansa. Wajen lodi gadar da aka gina ta rufta, dutsen ya sulale cikin Nilu, Belzoni ya tsamo shi ya ratsa da shi ta cikin gangaren ruwan Aswan. Mutanen Drovetti suka ce ai nasu ne, suka tare shi a Karnak da bindigogi, har aka yi harbi. Ya kai ƙara Iskandariyya, shari'a ta shiririce, sai ya tattara ya bar Masar a 1819. Wani abin mamaki shi ne, wannan dutse da aka ɗauko don ado ya yi wa ilimi amfanin da ba a zata ba: a gindinsa akwai rubutun Girkanci mai ɗauke da sunan Kiliyobatra, a jikinsa kuma akwai sunan da rubutun Fir'auna, kuma kwafinsa yana cikin abin da ya taimaki Champollion ya warware rubutun a 1822.

Masu hukunta Belzoni sun kasu. Waɗansu suna kiransa babban ɗan wawaso, Howard Carter kuwa, wanda ya gano kabarin Tutankamun a 1922, ya yaba masa ƙwarai, ya ce a yi la'akari da zamaninsa. Gaskiya ne bai ɗauki kome da bakin bindiga ba, da takardar izinin mai mulkin ƙasa ya yi aikinsa, kuma ya fi abokan hamayyarsa kula da aunawa da zanawa. Amma izinin Basha izinin mutum ɗaya ne, wanda bai tambayi kowa ba, kuma abin da aka fasa an fasa ke nan. Sai a 1835 Muhammadu Ali ya kafa dokar hana fitar da kayan tarihi, dokar da ba ta hana a kafa ginshiƙin Luksor da ya ba Faransa kyauta a tsakiyar Faris a 1836 ba. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar sai a 1858 ta samu, cinikinsu kuwa ba a haramta shi ɗungum ba sai a 1983.

A Landan Belzoni ya zama abin kallo karo na biyu, wannan karon a gidajen manya. Littafinsa ya fito a 1820, ya karɓu, aka fassara shi cikin harsunan Turai. A ƙarshensa akwai babin da Sarah ta rubuta game da zaman matan Masar da Nuba da Sham, waɗanda ta shiga cikinsu ta ga abin da namiji baƙo ba zai gani ba. Ranar 1 ga Mayu 1821 ya buɗe nuni a unguwar Piccadilly, inda ya sake gina ɗakuna biyu na kabarin Seti daidai girmansu, jama'a suka yi ta tururuwa. Sai dai suna bai zama kuɗi ba. Shugabannin British Museum, waɗanda a lokacin suke ganin sassaƙar Girka ce kaɗai ta isa a kira ta fasaha, suka yi ta jan ƙafa a kan farashin kayan Salt, akwatin yana ajiye a wurinsu ba su saya ba, ba su sake shi ba.

Cikin wannan ɓacin rai ya ƙudura neman wani sunan. A wancan zamani Turawa ba su san inda Kogin Kwara ya faɗa teku ba, kuma suna ɗokin ganin Tambutu. A 1823 ya tafi Fas ta ƙasar Maroko don ya bi ayarin Sahara, aka hana shi wucewa. Sai ya sallami Sarah ta koma Ingila, shi kuwa ya biyo jirgi ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma har bakin kogin Binin, da niyyar ya ratsa ta ƙasar Hausa ya kai Tambutu. A cikin masu rakiyarsa akwai wani Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa suke kira William Pascoe, mutumin da aka taɓa sayarwa bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya zama ma'aikacin jirgi. Belzoni ya isa birnin Binin, atuni ya kama shi, aka maido shi Gwato, tashar jiragen Binin wadda mutanen wurin suke kira Ughoton. A nan ya mutu ranar 3 ga Disamba 1823, yana da shekara 45. Aka binne shi a gindin wata babbar bishiya, aka kafa allo mai bayyana cewa ciwo ya tare shi a kan hanyarsa ta zuwa Hausa da Tambutu. Bayan mako bakwai Clapperton, wanda ya biyo ta Sahara da Barno, ya shiga Kano, a watan Maris kuma ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Shi kuwa Abubakar, daga baya ya raka Clapperton a tafiyarsa ta biyu, ya kuma raka Lander.

Da Richard Burton ya je Gwato a 1862 bai sami alamar kabarin ba. Ta wannan tasha ce kuma ayarin Phillips ya bi a watan Janairu na 1897, tafiyar da ta jawo yaƙin da Ingila ta ci Binin da shi, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba aka watsa su a kasuwannin Turai. Da yawa daga cikinsu suna gida ɗaya yanzu da gunkin da Belzoni ya jawo.

Maganar akwati ta ƙare ne a 1824, watanni kaɗan bayan mutuwarsa. Gidan tarihi ya ce ba zai biya ba, sai wani mashahurin mai tsara gine-gine, Sir John Soane, ya saya a kan fam 2,000 cif. Tun da kuɗin bai haura abin da aka rubuta a yarjejeniya ba, duka aljihun Salt suka shiga, matar Belzoni ba ta sami ko anini ba. A watan Maris na 1825 Soane ya yi liyafar dare uku a gidansa, ya gayyaci manyan Landan kusan 900, aka kunna fitilu don a ga yadda haske yake ratsa dutsen. Akwatin yana nan a ɗakin ƙasa na wannan gida har yanzu, hayaƙin Landan ya rine farinsa, shuɗin fentin da ke cikin sassaƙar kuma ya zube. Gawar Seti kanta an same ta a 1881 a wani ɓoyayyen rami inda limaman dā suka tattara gawawwakin sarakuna don gudun ɓarayi, tana Alƙahira.

Sarah ta sake buɗe nunin mijinta a 1825, bai karɓu ba, masu bin bashi suka kwashe kayan. Ta zauna a Brussels shekaru masu yawa cikin ƙunci, sai a 1851 gwamnatin Ingila ta yanka mata fanshon fam 100 a shekara. Ta mutu a tsibirin Jersey a 1870, shekara 46 bayan mijinta.